Risala a Kan Haƙurin Bututun Kabon Idan An Danne Shi, da Abin da Zafi Ke Yi wa Wannan Haƙuri

Ka sani, ya ɗan'uwa mai neman ilmi, cewa duk abin da yake dogo kuma yake tsaye, in aka ci gaba da ɗora masa kaya, akwai ranar da zai durƙusa. Wannan magana ba ta buƙatar hujja. Ɗan dako ya santa, dirkar rumfa ta santa, magidanci mai 'ya'ya goma sha biyu ya santa tun daga ashirin ga wata. Abin da ya ci wa malamai shekara ɗari biyu da doriya shi ne lissafa ranar, da tantance ko zafi yana matso da ita kusa. A nan za mu ɗauki mafi ƙanƙanta cikin dogaye, wato bututun kabon da ake kira nanotub, mu danne shi sama da ƙasa, mu hura masa wuta, mu ga iyakar kawaicinsa.

Fasali a kan siffarsa da danginsa

Ka ɗauki fensir. Baƙin da ke cikinsa, wanda yara ke ƙararwa wajen fiƙa, sunansa girafait, kuma shimfiɗu ne na ƙwayoyin zarra na kabon, wata a kan wata kamar ganyen littafi. A kowace shimfiɗa ƙwayoyin sun jeru shida-shida irin na saƙar zuma, tsakanin ƙwaya da maƙwabciyarta nanomita 0.142. Nanomita kuwa shi ne ka raba mita gida biliyan ka ɗauki ɗaya. To, ka ɓare shimfiɗa guda, ka naɗe ta yadda ake naɗe tabarma bayan baƙi sun tafi, baki ya haɗu da baki ba tare da ɗinki ba. Abin da ke hannunka shi ne nanotub, in da hannu na iya riƙe shi. Faɗinsa wajen nanomita ɗaya ne, silin gashin kanka ya fi shi kauri sau dubu hamsin zuwa sama. Ni ban taɓa ganinsa ba, kuma hakan bai rage mini matsayi ba, tunda manyan fannin ma babu wanda ya gan shi da idon da aka haife shi da shi.

Ta wajen nasaba, ɗan gidan gawayi ne, ƙanen kunkunniya, kuma ɗan'uban dutsen daimon. Ka riƙe wannan nasaba da kyau, domin dangin duka biyu za su zo neman gado kafin mu tashi.

Wanda duniya ta jingina wa gano shi shi ne Sumio Iijima, a ɗakin binciken kamfanin NEC da ke Tsukuba a Japan, shekarar 1991. Ya same shi cikin baƙin da ya taru a jikin sandar kabon bayan an bi ta da wutar lantarki, abin da wani zai kankare ya zubar. Wasu Rasawa biyu, Radushkevich da Lukyanovich, sun wallafa hoton irinsa tun 1952, amma da Rashanci, kuma a zamanin yaƙin cacar baka, don haka aka ɗauka kamar ba su ce komai ba. A 2006 kuma masana a Dresden ta Jamus suka leƙa cikin wani takobin Dimashƙa na ƙarni na 17 suka tarar da shi a kwance. Ke nan maƙera sun riga kowa, sai dai ba su rubuta ba, su ma an cire su daga lissafi.

Fasali a kan taurinsa, da rigimar da ta biyo baya

A 1996 Treacy da Ebbesen da Gibson suka ɗauki hoton waɗannan bututu, sai kan kowanne ya fito dishi-dishi. Suka ƙara zafi, dishin ya ƙaru. Da mai hoton biki ne ya kawo irin wannan aiki, haƙuri zai bayar ya mayar da kuɗi. Su kuwa suka gane cewa zafi ne ke sa bututun makyarkyata, kuma daga girman makyarkyatar ana iya fitar da taurinsa, domin mai tauri kaɗan yake rawa. Suka sami 1.8 a matsakaici, a ma'aunin tauri da ake kira tirafaskal, mujallar Nature ta buga. Yau yawancin masana sun tsaya a wajen tirafaskal ɗaya, ƙarfen gini kuwa 0.2 ne. Ka lura tun daga nan cewa ranar da aka fara auna ƙarfin abin, da zafi aka auna shi.

Sai dai lissafin tauri yana buƙatar a san kaurin bango, kuma a nan malamai suka rabu. Bangon nanotub ƙwayar zarra ɗaya ce tak. Menene kaurin ƙwaya ɗaya? Jama'a ta farko ta ce nanomita 0.34, wato tazarar da ke tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa a cikin fensir, bisa ƙa'idar cewa kaurin mutum shi ne wurin da yake cinyewa a kan benci. Jama'a ta biyu, ƙarƙashin Boris Yakobson, wanda a lokacin yake jami'ar jihar Karolina ta Arewa a Amurka, ta ce 0.066, kuma da wannan adadi taurin ya haura zuwa tirafaskal 5.5. Wato bangon ya fi ƙwayar da aka gina shi da ita siranta, kamar a ce katanga ba ta kai faɗin tubalinta ba. Aka raɗa wa al'amarin suna rikicin Yakobson, aka yi ta rubuce-rubuce a kai. Ra'ayin da na fi karkata gare shi shi ne kowa ya riƙe adadinsa, tunda in ka ninka tauri da kauri kusan abu ɗaya ke fitowa, bututun kuma ba a taɓa jin ya kai ƙara ba.

Fasali a kan danniya

Ja daban, danniya daban. Igiyar guga tana ɗaukar ja har ta tsinke, amma ka tsayar da ita ka ɗora mata ƙwai ɗaya ka gani. Abin da aka danne ba ya jiran ya murƙushe. Tun kafin nan yake kaucewa gefe. Wanda ya fara lissafa wannan kaucewa shi ne Leonhard Euler, mutumin Basel, a 1744, kuma ana kiran sunan nasa Oila ko da yake ba haka aka rubuta ba. Ya ce in ka ninka tsawon ginshiƙi sau biyu, kayan da zai ɗauka ya koma rubu'i. Duk wanda ya taɓa dogara da karan dawa ya ji yadda yake gantsarewa a tsakiya ya riga ya karanta Euler, saura alamomin Girkanci.

Nanotub yana durƙusawa iri uku, gwargwadon tsawonsa. Dogo yana gantsarewa kamar kara. Wanda ya wuce dogo ya zama zare yana naɗewa a kan kansa. Gajere kuwa ba shi da tsawon gantsarewa, sai bangonsa ya lotsa, irin yadda gwangwanin lemo ke yi in ka taka shi. A wannan nau'i, mai faɗi ne ke riga siriri faɗuwa, abin da ya saɓa wa ƙa'idar 'yan kokawa. Yakobson da Brabec da Bernholc sun gwada gajeren a kwamfuta a 1996, faɗinsa nanomita ɗaya, tsawonsa shida. Ya jure har aka rage masa kusan kashi 5 cikin ɗari na tsawonsa, sannan ya lotsa farat ɗaya. Aka ci gaba da dannawa, ya sake lotsawa a wata siffa, ya sake. Da aka ɗaga, sai ya miƙe ya koma yadda yake, ba tabo ba ƙorafi. Shekara guda bayan haka wasu a Chapel Hill suka yi ta lanƙwasa na gaske da kan wata allura, suka tarar haka abin yake. Gwangwani ba ya wannan. Mutane ma kaɗan ne.

Fasali a kan zafi, wanda shi ne maƙasudi

Gama-garin mutane za su ce ai amsar a fili take, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, zafi na laushi, abin da ya yi laushi kuma ya durƙusa. Wannan magana gaskiya ce a maƙera. Ƙarfen gini yana rasa kusan rabin ƙarfinsa a wajen digiri 600, shi ya sa gobara ke kayar da bene. Amma ka zo mu yi awo. Kuzarin da zafin ɗaki ke bai wa kowace ƙwayar zarra kusan 0.025 ne a ma'aunin da ake kira elektaron-bolt. Ɗaurin da ke tsakanin kabon da kabon kuwa ya kai wajen 5. Ninki ɗari biyu ke nan. Ka kai zafin digiri 1000, har yanzu ɗaurin ya fi shi sau arba'in da wani abu. Sauro ne ya sauka a kan ƙahon sa. Duk da haka, yawancin gwaje-gwajen kwamfuta sun nuna cewa bututu mai zafi yana riga mai sanyi lotsawa. To, in zafi bai kwance ɗauri ba, ta ina ya shiga?

Amsar ta fito daga wani ɗan Holan, Warner Koiter, wanda ya yi aikinsa tun kafin a san labarin nanotub. A zamaninsa injiniyoyi na cikin damuwa, domin in sun ƙera tanki ko bututu mai siririn bango suka danne shi, yakan lotsa tun yana ɗauke da sulusin abin da lissafi ya yi alkawari, wani lokaci ƙasa da haka. A kundin digirinsa na 1945 Koiter ya nuna cewa laifin ɗan ƙaramin aibi ne, ɗan lotsi ko ɗan karkata da ido ba ya gani. Shi ma da yarensu ya rubuta, sai a 1967 hukumar NASA ta sa aka fassara, lokacin da ta ga rokokinta ma gwangwanaye ne dogaye. Hausawa sun daɗe da wannan ka'ida, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma ba su sa mata lamba ba.

Yanzu ka ɗauki nanotub marar aibi ko ɗaya, ka sa shi a kwamfuta a sanyin ƙarshe, digiri 273 ƙasa da sifili, inda aka umarci kowace ƙwaya ta tsaya cik. Ka danne shi. Zai kai ga nauyin da ya kamata ya durƙusa, amma ba zai durƙusa ba. Dalili kuwa shi ne durƙusawa na buƙatar gefe, shi kuma gabas da yamma da kudu da arewa duk ɗaya suke a wurinsa. Ba shi da hujjar fifita wani a kan wani, sai ya ci gaba da tsayuwa da kayan da ya fi ƙarfinsa, don rashin shawara kawai. Har masu binciken sukan ɗan zungure shi da gangan don aiki ya ci gaba. Na san ma'aikata da suka kai shekarun ritaya a kan wannan tafarki.

Aikin zafi shi ne kawo shawarar. Da ɗumi ya shiga, kowace ƙwaya ta fara rawa a wurinta, bangon da ke sumul ya koma yana ɗan kumbura nan, yana ɗan lotsawa can, kamar fuskar ruwa a randa in mota ta wuce. Bututun har numfashi yake yi, kuma wannan ba azanci ba ne, sunan da masana suka ba abin ke nan: yana buɗewa yana tsukewa, mai faɗin nanomita ɗaya sau wajen tiriliyan bakwai a daƙiƙa. Ke nan aibin da Koiter ya yi magana a kai ba sai maƙeri ya yi kuskure ba. Zafi ne ke ƙera shi ya rushe ya sake ƙerawa, ba dare ba rana. Cikin wannan rawa, wata rana, wato bayan ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, ƙwayoyi da dama za su karkata gefe guda a lokaci guda, kayan da ke sama kuma dama jira yake. Gwargwadon zafi, gwargwadon girman rawar, gwargwadon saurin samun gefen faɗuwa. Zafi dai ɗan zuga ne. Bai ɗora ko tsinke a kan kayan ba, yatsa kawai ya nuna.

Akwai waɗanda suka saɓa, kuma adalci ne a kawo hujjarsu. Sun ce ku dubi layin dogo. Ƙarfe yana ƙara tsawo da kashi 12 cikin miliyan a kowane digiri, saboda haka layi mai kilomita ɗaya da rana ta ƙara wa digiri 30 yana son ƙarin santimita 36. In an ɗaure shi gaba da baya ba shi da inda zai sa su, sai ya danne kansa da kansa har ya karkace kamar maciji. Nanotub kuwa, in ji su, akasin haka yake yi. Kwon da Berber da Tománek na jami'ar jihar Mishigan sun lissafa a 2004 cewa yana gajarcewa in ya ɗumama, har zuwa ɗaruruwan digiri, kafin ya juya ya fara tsawo. Dalilin shi ne rawar gefe tana cin tsawo, kamar igiyar da yara ke kaɗawa, wadda bakinta biyu ke matsowa kusa. Bisa wannan, bututun da aka ɗaure tsakanin bango biyu in ya ji ɗumi sai ya ɗan janye jikinsa, danniyar ta ragu, ya ƙara juriya. Saboda haka za ka ga takarda ta ce zafi na raunana shi, wata ta ce zafi na ƙarfafa shi matuƙar bai yi yawa ba, kuma kowace da zanenta mai kyau. Sulhun da nake gani shi ne jama'a ta farko ƙwayoyi take kallo suna rawa, ta biyu kuma ta ɗauke shi sanda ce sumul ta rubuta masa lissafi. Ba su zauna a majalisa ɗaya ba balle su yi musu.

Akwai kuma sharaɗin lokaci, wanda ake yawan sakaya shi a ƙasan shafi. Svante Arrhenius na Suwidin ya nuna tun 1889 cewa abin da zafi kaɗan zai yi a shekara, zafi mai yawa zai yi shi nan take. Ma'ana, tambayar nawa zai ɗauka ba ta cika ba sai an ce har zuwa yaushe. Kwamfuta kuwa tana bin rawar ƙwayoyin ne taki-taki, kowane taki kashi ɗaya cikin miliyan sau biliyan na daƙiƙa. Kafin ta cika daƙiƙa guda, ɗalibin ya gama digiri ya yi aure ya aurar. Don haka ake danne bututun cikin kashi ɗaya ko kaɗan na biliyan na daƙiƙa, a rubuta cewa ya jure kaza. Daidai yake da ka ɗora wa ɗan dako buhu uku, ka sauke kafin ya ji, ka ba shi takardar shaida.

Duk abin da ya gabata durƙuso ne na wanda zai tashi. Akwai wanda ba a tashi daga gare shi, kuma nan ne zafi ke daina zuga ya sa hannu. In ya yi tsanani, ɗauri guda na iya juyawa kwana 90 a wurinsa, sai ɗakuna huɗu masu kusurwa shida su koma biyu masu biyar, biyu masu bakwai. Anthony Stone da David Wales na Kambirij suka siffanta wannan juyi a 1986. Ba a rasa ƙwaya ko ɗaya ba, kowa na nan, maƙwabta kawai aka sauya, amma saƙar ta sami tabo, tabon kuma yana iya tafiya a jikin bango. A 2006 wasu masana a Boston suka zafafa bututu zuwa wajen digiri 2000 suka ja shi, ya miƙe da kashi 280 cikin ɗari kamar alewar dinya, abin da a sanyi da tuni ya tsinke. Ta ɓangaren danniya kuma, Srivastava na cibiyar NASA ta Ames da abokansa sun lissafa a 1999 cewa wani siririn bututu da aka matse da kashi 12 cikin ɗari ya rufta ciki, ƙwayoyin da ke wurin ruftawar suka kama maƙwabta huɗu maimakon uku. Riƙon huɗu kuwa shi ne riƙon daimon. Ɗan'uba ya iso ke nan. Kada wannan ya sa ka sayar da gona, domin daimon ɗin bai wuce ƙwayoyi 'yan kaɗan ba, kuma a cikin kwamfuta yake.

Mas'ala: shin hukuncin ɗaya shi ne hukuncin taro? A'a. A 2005, a kwalejin Rensselaer ta jihar Niyok, aka shuka su tsaye cunkus kamar gonar gero, aka danne gonar har ta koma kashi 15 cikin ɗari na tsayinta. Kowanne ya lanƙwashe ya jingina da na kusa, da aka ɗaga suka tashi tare, aka maimaita sau dubbai. A 2010 kuma, a Tsukuba inda labarin ya faro, Ming Xu da Kenji Hata da abokansu suka haɗa wata curarriyar saƙa ta dogayen bututu mai hali irin na roba, suka gwada ta daga digiri 196 ƙasa da sifili har zuwa 1000, halinta bai sauya ba. Robar gaske a sanyin farko ƙagewa take ta farfashe, a zafin ƙarshe kuwa ko tokarta ba ka samu. Sirrin shi ne a taro ba wanda ke ƙoƙarin tsayuwa sak, kowa ya riga ya lanƙwashe ya manne da wani, suna kamawa suna saki. Ɗan zuga ya zo ya tarar ba wanda zai nuna wa gefe.

Sai dai duk zafin da na ambata mai yawa, na 1000 da na 2000, an yi shi ne a wurin da aka kore iskar shaƙa. A sarari, inda ni da kai muke numfashi, da zafi ya kai wajen digiri 600 zuwa 700 sai dangin uwa su iso. Iskar oksijin ta kama bututun, ta fara ta baki da wuraren tabo, ya ci wuta kamar kowane gawayi a murhun mai shayi, da tirafaskal ɗinsa da komai. A wannan hali mas'alar danniya ta faɗi, saboda sharaɗin danniya shi ne a sami abin dannawa. Bututun ya zama iska, a ma'anar kalmar ta farko, kuma wanda ke son bin sa daga nan sai ya nemi malaman wancan fanni.